Daga Dogarai zuwa 'Yan Sanda

Kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, dogaran sarki ne ke kama ɓarawo. Turawan Ingila suka bar su, daga baya aka kafa 'yan doka ƙarƙashin En'e. Ƙarfinsu sanin gari ne: baƙo ba ya kwana a unguwa sai mai unguwa ya sani, labari ya kai ga dagaci, ya wuce ga hakimi. Gwamnatin Gowon ta haɗe su da 'yan sandan tarayya, kuma sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya amince da rundunar 'yan sanda ɗaya tak. Yau ana tura jami'i ƙauyen da bai san harshensa ba, balle hanyoyin dajinsa.

Masu adawa da kafa 'yan sandan jihohi na tuna yadda 'yan doka suka gallaza wa magoya bayan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano. Gaskiya ne. Amma a lokacin, 'yan doka da kotun alƙali da kurkuku duk suna hannu ɗaya, babu mai tsawatarwa. Can matsalar take. A dawo da tsaro kusa da jama'a, a bar shari'a ta ci gashin kanta.