Tarihin Ƙidayar Masu Shanyewar Ɓarin Jiki

A ƙasar Hausa tun zamanin kakanni, idan dattijo ya wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya karye, akan ce iska ce ta buge shi. Yau mun san jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa.

Sanin yawan masu wannan ciwo ya samo asali ne daga ƙidaya. Daga 1973 zuwa 1975, Farfesa Osuntokun da abokan aikinsa sun yi rajistar masu ciwon a Ibadan. A 1974 kuma, shekarar da aka kammala madatsar Tiga a Bebeji, likitoci biyu a Glasgow, Teasdale da Jennett, suka fito da ma'aunin zurfin suma, wanda asibitocin duniya ke amfani da shi har gobe. A 2018 aka buga sakamakon binciken SIREN, wanda ya haɗa asibitocin Nijeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ya nuna hawan jini ne babban sanadi.

To, amma ƙidayar asibiti, wanda ya iso asibiti kaɗai take gani. Tsohon da ya faɗi a ƙauyen Doguwa, ko Kiru, ko Tudun Wada, yakan kwanta a ɗaki, alhali yawancin sauƙin da ake samu a watannin farko yake zuwa, musamman da gashi da motsa jiki. Ma'aikatan lafiya, ku auna jinin dattawa, ku rubuta masu jinya a gida. Wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa tanadi.