Yadda Aka Gano Jiri a Cikin Kunne

A Sabon Birni da Isa, idan dattijo ya ɗago daga sujada ya ga ɗaki na juyawa, akan ce tsufa ne, ko hawan jini, ko iska. Likitocin Turai ma sun daɗe suna ɗora laifin jiri a kan ƙwaƙwalwa. Sai a 1861 Prosper Ménière ya nuna wa likitocin Faransa cewa yana iya tasowa daga can cikin kunne, inda wasu lanƙwasassun bututu uku masu ruwa ke auna motsin kai.

Magani ya biyo baya sannu a hankali. A shekarun 1940, Cawthorne da Cooksey na Ingila suka tsara atisayen ido da kai da tafiya, domin yawan kwanciya jinkirta sauƙi yake yi. A 1992 John Epley na Amurka ya wallafa dabarar juya kan majiyyaci daki-daki, wadda ke mayar da 'yan tsakuwoyin kunne da suka ɓalle mazauninsu. Irin wannan jirin ya fi kama tsofaffi, gyaransa kuwa aikin mintoci ne.

Ƙasar Gobir tana da ƙarin dalilai: sanƙarau, irin annobar 1996, da allurar streptomycin ta tarin fuka, duk suna lalata wannan sashe na kunne. Ƙwararru suna asibitin koyarwa na Sakkwato, hanya kuma ba tsaro. Amma dabarar Epley ba ta buƙatar na'ura. Gado da ma'aikacin lafiyar da aka koya wa sun isa su raba dattijo da faɗuwar da ke karya ƙugu.