Mafi Ƙarancin Albashi a Jihar Kebbi

Mafi ƙarancin albashi shi ne adadin kuɗin da doka ta hana mai aiki ya biya ma'aikacinsa ƙasa da shi a wata. A Najeriya gwamnatin tarayya ce ke yanke shi. Dokar farko ta 1981 ta sa naira 125. Ya kai naira 18,000 a 2011, sannan 30,000 a 2019. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan naira 70,000, za a riƙa sake duba shi duk shekara uku. A watan Oktoban shekarar Gwamna Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta NUT, ya amince da naira 75,000 ga ma'aikatan Kebbi.

Dokar ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko aikin da ba na cikakken lokaci ba, ko na damina kamar noma. A yankin Geza da Bagudo na jihar Kebbi wannan keɓewa tana da nauyi, domin da yawa daga cikin masu aikin ƙarfi 'yan ƙwadago ne a gonakin shinkafa, ladansu na yini ne bisa ciniki. Yaron da ke koyon ɗinki ko kanikanci shi ma sai abin da maigidansa ya ba shi, ko da yake Dokar Ƙwadago ta tanadi rubutacciyar yarjejeniyar koyo.

Jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ne ke sa ido, ƙorafi kuma ana kai shi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A tsallaken iyaka, Jamhuriyar Benin ta ɗaga nata mafi ƙarancin albashin zuwa sefa 52,000 a Janairun 2023.