Sabon Ra'ayi: Jaridar Manoman Madawa

A shekarar 1963, zamanin shugaba Diori Hamani, gwamnatin Nijar ta kafa hukumar yaƙi da jahilci da taimakon UNESCO. Makarantun boko na koyarwa da Faransanci, amma su manya da harshen uwa aka koya musu karatu. Taron Bamako na 1966 ya shimfiɗa ƙa'idojin rubuta Hausa, aikin ya samu gindin zama.

A ƙauyukan Madawa irin su Galma Kudawace, har zuwa Buza da Keita, buƙatar manomi a fili take. Wanda ya kai auduga kasuwar ƙungiyar haɗin gwiwa ta UNCC, wadda aka kafa a 1962, yana son ya karanta ma'auni da idonsa, ya lissafa kuɗinsa da bashin da ake bin sa.

Sai dai koyon baƙi kaɗai bai wadatar ba. Wanda ya gama aji lokacin rani, damina ta zo ya koma gona ba shi da abin karantawa, nan da nan karatun ke zubewa. Shi ya sa hukumar ta ƙirƙiro jaridun karkara: Ƙasa Mai Albarka a Maraɗi, Muryar Damagaram a Damagaram, Sabon Ra'ayi kuwa a Madawa. Da su sabon ɗalibi ya riƙa karanta labarin noma da lafiya cikin harshensa.

Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su riƙe wannan darasi: duk ajin manya da za a buɗe, a tanadar masa abin karantawa na bayan kammalawa.