Ibro Aloko

Ibro Aloko fim ne na barkwanci da harshen Hausa, wanda marigayi Rabilu Musa Ibro (1971–2014) ya fito a cikinsa a matsayin jarumi. Yana cikin rukunin da 'yan Kannywood ke kira camama, wato finafinan ban dariya masu ƙaramin jari, da ake ɗauka cikin 'yan kwanaki a cika su da raha, zolayar 'yan mata, waƙa da rawa.

Irin waɗannan finafinai ba su dogara da silima ba. A da, a kaset da faifan CD ake sakin su, dillalan Ƙofar Wambai da Bata a Kano su saya, daga nan su bazu zuwa Sakkwato, Birnin Kebbi, Argungu har Jamhuriyar Nijar, inda ake kallo a gida ko a karɓa haya a shaguna. Da Sallah kasuwarsu ta fi ci.

Abin da ya fito da sunan fim ɗin kuwa shari'a ce. A Oktoban 2008, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu, bisa tuhumar rawar da ta saɓa wa tarbiyya da gudanar da kamfani ba rajista. Sai dai jama'a da dama sun danganta hukuncin da waƙar "Mamar" ta cikin fim ɗin, wadda aka ɗauka habaici ce ga gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau.