Bukkar Ƙafa Goma: Labarin Mawaƙan Japan Masu Gudun Duniya

Hausawa su kan ce mutum rahama ne, kuma in aka ga mutum ya cika son zama shi kaɗai sai a fara tambaya ko lafiya. To, ga wani abin mamaki daga gabas mai nisa. A ƙasar Japan, da yawa daga cikin waɗanda a ke ƙidayawa a sahun gaba wajen rubuta waƙa da zurfin tunani, mutane ne waɗanda suka bar gari da sarauta, suka tafi suka kafa bukka a gindin dutse. Yau za mu bi labarinsu, mu ga abin da kaɗaici ya ba su, da abin da ya ci musu, don mai karatu ya auna da kansa.

Ita dai Japan tsibirai ce, manya huɗu da ƙanana masu ɗimbin yawa, tsakaninta da Koriya kuwa teku ne na wajen mil 120. A zamanin da, rubutu da addinin Buda da tsarin mulki duk daga Sin suka ƙetaro mata, har malamanta suka zama ba su ganin waƙa da daraja sai an yi ta da harshen Sin. Cikin 894 wani babban malami, Sugawara no Micizane, ya ba Sarki shawara a dakatar da aika jakadu zuwa Sin, sabo da ƙasar ta rikice, hanyar kuma da hatsari. Aka bi shawararsa. Da ƙofar nan ta ragu, sai mutane suka waiwayi abin da ke hannunsu. Suna da waɗansu haruffa masu sauƙi da a ke kira kana, waɗanda suka dace da harshensu, da su ne kuwa aka tara littafin Kokinshu wajen 905, mai waƙoƙi kamar 1,100. Kusan dukansu gajeru ne, gaɓa 31 kacal, a jere 5, 7, 5, 7, 7. Wannan ma'auni shi mawaƙan fada suka riƙe shekaru aru aru.

Amma waƙar fada tana da sarƙa. A kan yi gasa gaban Sarki, a raba mawaƙa hagu da dama, alƙali ya yanke wanda ya ci. Akwai kalmomin da aka yarda da su, akwai waɗanda aka hana. Wanda ke neman muƙami kuwa dole ya yi waƙar da za ta gamshi manya. Sabo da haka wanda ya ke son ya faɗi abin da ke zuciyarsa tsantsa, sau da yawa sai ya ga ba shi da mafita sai ya bar birni.

Na farko da za mu ambata shi ne Saigiyo, wanda aka haifa cikin 1118. Barde ne cikin masu tsaron tsohon Sarki Toba, ɗan gidan mayaƙa, ga ƙuruciya ga wadata. Cikin 1140, yana da shekara 22, sai ya ajiye takobi, ya aske kansa, ya shiga zuhudu bisa tafarkin Buda. Ya yi shekara 50 yana zama a bukkoki kan duwatsun Koya da Yoshino, in ya gaji da zama ya ɗauki sanda ya shiga yawon ƙasa. Waƙoƙinsa na wata ne da furanni da kewa, ba ya kuwa ɓoye cewa zuciyarsa tana jawo shi baya zuwa ga duniyar da ya bari. Ya rasu cikin 1190. Da aka tara babban littafin Shinkokinshu cikin 1205, sai aka sa waƙoƙinsa 94, ba wanda ya kai shi yawa. Watau fadar da ya guda ita ta komo tana kwasar abin da ya shuka a daji.

Na biyu, Kamo no Comei, shi ba da son ransa ya fara ba. Ubansa babba ne a wani mashahurin wurin ibada na birnin Kiyoto, amma ya rasu tun Comei yana saurayi, gādon muƙamin ya wuce shi. A idonsa gobarar 1177 ta cinye wajen sulusin birnin. Cikin 1180 aka yi wata muguwar guguwa, a shekarar kuma aka ta da babban birni aka kai wani wuri, aka sake komo da shi. Sa'an nan yunwa ta 1181 da 1182, wadda ya ba da labari cewa wani malami ya ƙidaya gawa fiye da 42,300 cikin wata biyu a sashe ɗaya na birnin. Cikin 1185 ƙasa ta yi girgiza. Duk da haka Comei bai bar gari ba, har tsohon Sarki Gotoba ya sa shi cikin ma'aikatan gidan waƙa. Sai cikin 1204, da wani ɗan'uwansa ya tare masa wani muƙami da ya daɗe yana begen samu, sa'an nan ya yi fushi ya fita.

Daga baya ya kafa bukka a dutsen Hino, tsawonta ƙafa goma, faɗinta ƙafa goma, bisanta bai kai ƙafa bakwai ba. Ya haɗa ta yadda in wurin ya ishe shi zai kwance ta ya ɗora kan amalanke biyu. Cikin ɗan abin da ke ciki akwai shimfiɗa, da 'yan littattafai, da kayan kiɗa biyu masu tsirkiya. A nan cikin 1212 ya rubuta ɗan littafinsa Hojoki, watau labarin bukkar ƙafa goma, wanda har yanzu a ke karantar da shi a makarantun Japan. Ku duba fa, masifun nan biyar dubban mutane sun gan su. Amma waɗanda ke cikin birni suna ta fama da gyaran rufi da neman abinci, ba su da sukunin tsayawa su tambayi ma'anar abin. Shi da ya janye jiki shekaru da yawa bayan haka, shi ya ga cewa gida da mai gida duk ba su da tabbas, kuma mai babban gida shi ya fi yawan tsoro. Abin da ya ƙara wa littafin daraja kuwa, a ƙarshe ya juyo ya tuhumi kansa, cewa son da ya ke yi wa bukkar ma ai wani irin kwaɗayin duniya ne.

Wajen tunani kuma akwai Dogen, wanda aka haifa cikin 1200. Ya ƙetara zuwa Sin cikin 1223 neman ilmi, ya komo cikin 1227 da tafarkin nan da a ke kira Zen. Da rigimar manyan gidajen ibada na Kiyoto ta dame shi, sai cikin 1243 ya kwashi almajiransa ya nufi duwatsun Ecizen masu dusar ƙanƙara, inda ya kafa gidan da a ke kira Eiheiji, wanda ke nan har yau. Koyarwarsa ita ce mutum ya zauna kurum, ya miƙe baya, ya fuskanci bango, kada ya kori tunani kada kuma ya bi shi. Ya kuma koyar cewa dafa abinci da wanke fuska, in an yi su da hankali ɗaya, ba su kasa zaman nan daraja ba. Daga irin wannan horo ne mawaƙan baya suka koyi tsayawa kan abu ɗaya ƙanƙane har ya buɗe musu.

Bayan wannan sai ƙasar dukanta ta shiga wani irin halwa. Sarakunan yaƙi na gidan Tokugawa, waɗanda a ke kira Shogun, suka ji tsoron Turawa da addinin da suka kawo. Cikin 1635 aka hana mutanen Japan fita waje, wanda ke waje kuma aka hana shi komowa, in ya komo kisa ne. Cikin 1639 aka kori mutanen Fotugal. Cikin 1641 aka tsare 'yan kasuwar Holan a wani ɗan tsibiri da aka gina da hannu, Dejima, a bakin Nagasaki. Haka aka zauna har jiragen yaƙin Amurka suka iso cikin 1853.

A tsakiyar wannan zamani aka yi Matsuo Basho, an haife shi cikin 1644. Ya yi suna a birnin Edo, wanda ya zama Tokiyo, yana gyara wa masu kuɗi waƙoƙinsu ana biyansa. Cikin 1680 sai ya bar wannan ciniki, ya ƙetare kogin Sumida ya zauna a wata bukka a Fukagawa. Wani almajirinsa ya dasa masa wata irin ayaba a ƙofa, wadda ba ta ba da 'ya'yan ci, iska kuma ta kan yayyage ganyenta. Sunanta basho, daga nan ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. Waƙar gaɓa 17, wadda a da ta wasa ce da ban dariya, shi ya mai da ita abin da mai hankali zai zauna ya yi ta juyawa. Cikin 1689 ya yi tafiya ta wajen kwana 150 zuwa arewacin ƙasar, kusan mil 1,500, yawanci a ƙasa, yana bin wuraren da Saigiyo ya bi shekara 500 kafinsa. Kalmar sabi kuwa, wadda asalinta kewa ce da tsufa, a wurinsa da almajiransa ta zama kalmar yabo, in an ce waƙa tana da ita to ta kai.

To, kada mai karatu ya ɗauka rufe ƙofa kaɗai ke haifar da hikima, gama sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Saigiyo da Comei sun ƙoshi da ilmin fada kafin su fita. Dogen sai da ya ƙetare teku. Basho ya sha waƙoƙin mawaƙan Sin na da. Har wa yau ba ɗayansu da ya yanke zumunci ƙaf. Comei ya yi abota da wani yaro ɗan shekara goma, ɗan mai tsaron dutsen, suna yawo tare, cikin 1211 kuma ya je Kamakura ya gana da Shogun. Bukkar Basho wani almajirinsa mai cinikin kifi ne ya ba shi, tafiyarsa ta arewa tare da almajirinsa Sora ya yi yawancinta, mafi yawan aikinsa kuwa waƙar taro ce, wannan ya kawo baiti wancan ya ɗora, har a kai 36. Cikin 1693 ya kulle ƙofarsa ya ƙi ganin kowa, amma wata ɗaya kurum ya iya, ya buɗe. Da ya rasu a Osaka cikin 1694, almajirai ne kewaye da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko jinkar bukka ce.

Ita ma ƙasar ba ta rufu ruf ba. Jiragen Sin suna zuwa Nagasaki da littattafai, ana ciniki da Koriya ta tsibirin Tsushima, likitoci kuma suna koyon aikinsu daga littattafan Holan. Abin da ya rayar da waƙa a lokacin, zaman lafiya ne na fiye da shekara 200, da yaɗuwar ɗab'i, da 'yan kasuwa masu iya karatu. Rufewar kuwa an biya ta da tsada. A tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638 an hallaka mutum wajen 37,000, yawancinsu Kirista. Masuntan da iska ta kai wata ƙasa sun rasa hanyar gida. Ran da jiragen Amurka suka iso da manyan bindigogi, ba abin da za a tare su da shi, dole aka sa hannu a yarjejeniya cikin 1854.

Sabo da haka sai mu bambanta iri biyu. Akwai kaɗaicin da mutum ya zaɓa bayan ya cika tulunsa, ya koma gefe don ruwan ya kwanta, ya bar ƙofa a sāye yadda aboki zai iya shigowa. Akwai kuma wanda mai iko ya ɗora wa jama'a don tsoro, wannan ko ya zo da wani amfani, talaka ne ke biyan kuɗinsa. Wanda duk ke sha'awar alƙalami cikinku, ya fara da zama gaban malamai da shiga cikin mutane. In ya ƙoshi, ya nemi ɗan lokaci da ɗan wurin da ba mai kiransa, ko da zaure ne bayan kowa ya kwanta, sa'an nan gari ya waye ya kawo abin da ya samo a duba masa.