Tankokin Yaƙi a Tafin Hannu da Labarin Jirgin Ƙasa



A ƙasashen Turai akwai dattawa masu sha'awar harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa a cikin gida, da layin dogo da tasha da gada, kamar gaske. Ma'aunin da ya fi karɓuwa a wajensu shi ne HO, wato a rage girman kowane abu sau 87. A shekarar 1960 aka kafa kamfanin Roco a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, kuma cikin kayansa na farko har da ƙananan tankokin roba a wannan ma'auni, masu suna Minitanks. Bayan kamfanin ya karye a 2005, sai Herpa na Jamus ya karɓi ragamar sayar da su a 2007.

To me ya haɗa tanka da jirgin ƙasa? Tun da Ingila ta fara fito da tanka a fagen fama a Faransa ranar 15 ga Satumba 1916, ba ta iya doguwar tafiya da ƙafarta. Mai take sha, sarƙa ta ci, inji ya gaji. Dole a ɗora ta a tarago.

Dubi Tiger ta Jamus wadda ta fito a 1942. Nauyinta ya haura tan 50, faɗinta kuma ya wuce abin da layin dogo zai bari ya ratsa gada ko ya gifta wani jirgin. Saboda haka aka yi mata sarƙa iri biyu: mai faɗin milimita 725 ta yaƙi, da mai 520 ta tafiya. Kafin a loda ta, sai sojoji su kwance tayoyin waje, su sauya sarƙa, in an sauka a sake mayarwa. Wahala ke nan a tasha, alhali abokan gaba ba jira suke ba. Iyayenmu da suka yi lodin shanu da goro tsakanin Kano da Ikko sun san tarago ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa.

A ma'aunin HO, Tiger har da bindigarta ba ta kai santimita 10 ba. Ni a ganina gwanin maharhaɗi ba a fenti ake gane shi ba. Duba tankar da ya ɗora a tarago mai gatari shida: in siririyar sarƙa ce a ƙafarta, babbar kuma tana ajiye a kan taragon, to wannan ya karanta tarihi.